Hular NY a kan yaranmu: abin da Oktoba ke tonawa a wasan besbol na Amurka

Ranar wasannin makarantarmu a nan Kumasi na ƙirga huluna bakwai masu tambarin NY a kan ɗalibaina, biyu kuma masu LA. Na kira ɗaya daga cikinsu na ce, "Kai, hular nan taka ta wace ƙungiya ce?" Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Malam, ai ba ƙungiya ba ce, gayu ne kawai." Ban ga laifinsa ba, don ni ma shekarun baya ban fi shi sani ba. Yayana da ke tuƙin tasi a unguwar Bronx ta birnin New York, inda 'yan zango da yawa suke zaune, shi ya fahimtar da ni cewa NY tambarin ƙungiyar Yankees ne, LA kuma na Dodgers ta Los Angeles, kuma dukkansu besbol suke bugawa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan na mutum tara-tara ne. Ɗaya ya wurgo ƙaramar ƙwallo mai tauri, abokin hamayya ya tare ta da kulki. In ya buge ta sai ya kwasa da gudu ya bi tashoshi uku ya dawo inda ya tashi, ya sami maki ɗaya ke nan. Babu agogo. Zagaye tara ake yi, in an yi kunnen doki a ci gaba har sai an sami gwani. Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasar, kowacce na buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Da Oktoba ya kama sai a ware 12 su shiga zagayen kifa-ɗaya-ƙwala, har a kai ga biyu na ƙarshe a karawar da ake kira World Series, wadda aka fara tun 1903. Wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai shi ke ɗaukar kofi.

A Oktoban 2024 Yankees da Dodgers ne suka haɗu a wannan karawa. Ƙarfe takwas na dare a New York shi ne sha biyun dare a nan, sai ga wayar Yaya, ihu na tashi a bayansa. Na ce, "Yaya, kana cikin fili ne?" Ya ce, "Ina ni ina fili? Kujerar da ta fi arha ta haura dala dubu. Ina dai waje ina jiran masu fitowa in kai su gida." Mutumin nan tun Afrilu yake bin ƙungiyar a rediyon motarsa, lokacin zafi ma yakan sayi tikiti mai sauƙi ya kai 'ya'yansa. Amma da aka zo wasan da ya fi kowane muhimmanci, kujerarsa ta koma hannun kamfanoni da masu hannu da shuni. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Tashar talabijin ta Fox, wadda ke nuna World Series, ta ƙulla yarjejeniyar kimanin dala biliyan 5 ta shekara bakwai, daga 2022 zuwa 2028. A Disamban 2023 Dodgers ta ɗauki ɗan Japan Shohei Ohtani a kan dala miliyan 700 na shekara goma. Dabarar da aka yi ita ce dala miliyan 2 kawai zai riƙa karɓa a shekara, sauran miliyan 680 sai daga 2034 zuwa 2043, don ƙungiyar ta sami sararin sayen wasu gwanaye yanzu. Besbol ba ta da dokar da ta ƙayyade abin da ƙungiya za ta kashe kan albashi, sai dai haraji ga wadda ta wuce wani mizani, kuma manya kamar Dodgers biyan harajin suke yi su wuce abinsu. Sun doke Yankees da wasa huɗu da ɗaya a 2024, suka sake ɗaukar kofin a 2025.

Filayen kansu suna da labari. Sabon filin Yankees da aka buɗe a 2009 an gina shi ne a kan wurin shaƙatawa na jama'a mai suna Macombs Dam, tare da rangwamen haraji da tallafi daga baitulmali, a yankin da ke cikin mafi talauci a duk Amurka. An gina wa unguwar wasu filaye a madadinsa, amma sai da yara suka yi shekaru suna jira. A Los Angeles kuwa, filin Dodgers na 1962 yana zaune ne a Chavez Ravine, inda aka tashi iyalai masu asalin Meziko, na ƙarshensu 'yan doka ne suka fitar da su da ƙarfi a 1959. Duk ɗan zangon da ya taɓa jin raɗe-raɗin za a rushe layinsu don "ci gaba" ya san ɗacin wannan.

Abin mamaki, al'ummar nan ta 'yan asalin Meziko ita ce yau ƙashin bayan magoya bayan Dodgers. Ɗan'uwansu Fernando Valenzuela ne ya jawo su da bajintarsa ta 1981, kuma ya rasu kwana uku kafin fara World Series ta 2024. Shi ya sa a Yunin 2025, da jami'an shige-da-fice suka fara kame a Los Angeles, magoya baya da yawa suka ji haushin shirun da ƙungiyar ta yi da farko, kafin daga baya ta yi alƙawarin dala miliyan ɗaya ga iyalan da abin ya shafa.

'Yan siyasa ma sun san darajar Oktoba, domin a nan ne idon ƙasa ke taruwa wuri guda. Ranar 30 ga Oktoba 2001, makonni bakwai bayan harin 11 ga Satumba, Shugaba George W. Bush ya tsaya a tsakiyar tsohon filin Yankees da rigar sulke a ƙarƙashin jaket ɗinsa, ya yi jifar buɗe wasa. Shi kansa ya taɓa zama cikin masu ƙungiyar Texas Rangers kafin ya hau mulki. A 2019 Shugaba Donald Trump ya je wasa na biyar a Washington, jama'a suka tarbe shi da ihun ƙin jini. A 2025 kuma, da Dodgers ta haɗu da Blue Jays ta Toronto, gwamnatin lardin Ontario na Kanada ta sa wani talla mai ɗauke da tsohon jawabin Ronald Reagan yana sukar harajin fito. Trump ya fusata ya dakatar da tattaunawar kasuwanci da Kanada, amma tallan ya fita a wasanni biyu na farko kafin a janye shi.

Duk da haka ba zan ce ƙaunar magoya baya shirme ba ce. Wasa na uku na 2025 ya kai zagaye 18, sama da awa shida da rabi. A nan an fara da tsakar dare, muka idar da sallar asuba ana bugawa, kuma dubban mutane na zaune ba su tashi ba. Uba na gadar wa ɗansa ƙungiya kamar gona. Sai dai zafin kan wuce gona da iri. A wasa na huɗu na 2024 wasu magoya bayan Yankees biyu suka damƙe hannun Mookie Betts na Dodgers suka ɓamɓare ƙwallon da ya cafe. An fitar da su, daga baya aka haramta musu shiga filayen gasar.

Inda abin ya taɓo mu kai tsaye shi ne caca. Besbol ta daɗe da sanin wannan cuta. A World Series ta 1919 aka zargi 'yan wasa takwas na Chicago White Sox da karɓar kuɗin 'yan caca don su faɗi, aka kore su har abada. Ko rabon kuɗin ƙofa an tsara shi ne da tsoron maguɗi: 'yan wasa na samun kashi 60 cikin 100 na wasanni huɗun farko kaɗai, don kada wani ya ja karawar zuwa bakwai saboda aljihunsa. Amma tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar hana cacar wasanni a 2018, kamfanonin caca sun zama abokan hulɗar gasar, tallansu na fitowa tsakanin zagaye da zagaye. Tafintan Ohtani, Ippei Mizuhara, ya sace masa kusan dala miliyan 17 don biyan bashin caca, aka yanke masa ɗaurin wata 57 a 2025.

Wani tsohon ɗalibina, yanzu yana koyon gyaran babur, ya same ni a ƙofar masallaci yana neman rancen sidi ɗari biyu. Da na matsa masa sai ya faɗi gaskiya. Idan an gama ƙwallon Turai da dare, manhajar cacar da ke wayarsa sai ta jero masa besbol, shi kuma ya danna. Na ce, "To, mutum nawa ke buga wasan?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Malam ban sani ba." Kuɗin kayan gyaran maigidansa ya zuba a kan wasan da bai san ko dokarsa ɗaya ba. Haramcin caca kowa ya ji shi a makarantar allo, amma sau nawa iyaye ke duba abin da wayar ɗansu ke yi da ƙarfe biyun dare?

Ban hana ɗalibaina sa hularsu ba. Na dai ba su aikin gida: kowa ya binciko ƙungiyar da ke kansa, wa ke da ita, a kan ƙasar wa aka gina filinta. Yaron nan da ya ce gayu ne kawai ya dawo da shafi biyu cike, ya kuma roƙe ni lambar Yaya, wai yana da tambayoyi.