Kada Ki Fito Da Takarda Kaɗai, 'Yar Uwa

Yau na ajiye labarin soyayya a gefe, domin wani abu ne ya tsaya mini a rai tun ranar da na je Rogo biki.

Akwai 'yar gwaggona da muka taso tare a Karaye, muka gama sakandare shekara guda. Wata uku da gamawarmu aka ɗaura mata aure, muka kai ta Rogo da guɗa. Shekara uku auren ya yi, Allah ya kawo ƙarshen zaman, ta dawo gida da goyo. Da muka keɓe a gidan bikin sai ta riƙe hannuna tana hawaye, ta ce, "Wallahi yaya, ba sakin ne ya fi ci mini rai ba. Ko omon wanki sai na tsaya a gaban Baba ina sosa ƙeya. Ga takardata can a ƙasan akwati, ban san abin da zan yi da ita ba." Na rasa bakin magana, don ni ma shekara biyu na yi a zaune kafin Allah ya buɗa mini hanyar rubutu.

Abin haushin kuwa, mu biyun duk mun ci darasin ɗinki a jarrabawa! A makarantarmu keke ɗaya ne, shi ma a kulle a ofis, sai dai malama ta zana mana shi a allo mu kwafa. Muka haddace sunayen sassansa tsaf, amma ko zare ba mu taɓa zura wa allurarsa ba. Mu ma fa da laifinmu, don a lokacin gani muke sana'ar hannu ta waɗanda boko ya ƙi ce.

Wannan matsala ba yau ta fara ba. Tun 1982 aka fara tsarin nan na 6-3-3-4, da nufin yaro ya fito da abin yi a hannunsa ko da bai wuce jami'a ba. An shigo da injina daga ƙasashen waje, amma da yawa suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda rashin wuta da rashin malaman da suka iya aiki da su. A 2011 hukumar tsara manhaja ta ƙasa ta kawo darussan sana'a har 34, ta wajabta wa kowane ɗalibin babbar sakandare ya ɗauki ɗaya. Sai kuma a 2025 gwamnatin tarayya ta rage su zuwa shida: haɗa wutar sola da gyaranta, ɗinki da tsara kaya, kiwo, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da waya, sai noman lambu da na amfanin gona.

To ƙanwata, dubi shidan nan da idon 'yar Karaye ko Rogo, ki gaya mini wanne ne ba ya kawo kuɗi a wajenmu? Ga dam ɗin Challawa da na Kusalla, ruwa rani da damina, kin ga noman lambu ba wasa ba ne. Kiwon kaji da awaki kuwa a tsakar gida ake yinsa, ko kina cikin kulle ba wanda zai hana ki. Lalle da kitso da gyaran amarya ba sa yankewa muddin ana aure. Ɗinkin sallah kowa ta san yadda ake kwana a wajen tela ana rigima. Gyaran waya da sola ma kada ki ce na maza ne. Mata nawa ne ke jin nauyin miƙa wa namiji wayarsu da hotunansu a ciki? Ranar da aka sami mace mai gyara a unguwa, sai ta rasa inda za ta sa kanta don ciniki.

Bayan darasin aji, akwai wasu hanyoyin. Wadda ke aji uku tana iya neman makarantun da ke ƙarƙashin Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano. A kwalejojin fasaha ana rubuta jarrabawar NABTEB, wadda takardarta shaida ce ta sana'a, kuma ana neman gurbin ƙaro karatu da ita kamar ta WAEC da NECO. Wadda ta gama aji shida kuma ga Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a Bichi. Akwai kuma hukumar NDE mai samar da aikin yi, wadda ke haɗa masu son koyo da masu sana'a. Idan duk waɗannan sun yi miki nisa, to makarantar da ta fi kusa ita ce ɗakin maƙwabciyarki mai keke.

Shawarata ga ki guda uku ce. Ta farko, ki zaɓi darasin sana'a da kanki, ba don ƙawarki ta zaɓa ba, kuma ki duba wanda akwai mai yinsa a garinku. Ta biyu, kada ki dogara da abin da aka rubuta a allo. Duk hutu ki nemi izinin Baba da Inna ki je ki zauna wajen mai sana'ar, ki yi mata shara, ki riƙe mata tef da almakashi, ki jure faɗanta, a haka hannu yake faɗawa. Ta uku, ki fara tara jari tun yanzu. Kuɗin zance da na barka da sallah, maimakon su ƙare a hoda da jambaki, ki zuba adashi ko ki sayi 'yar akuya.

Iyayenmu kuma muna roƙonku, yadda kuke tara mana kwanuka da gado da kujeru, ku sa keken ɗinki a lissafin kayan ɗaki. Kai ma saurayi, idan da gaske kake sonta, bar ta ta koya. Ba raina ka za ta yi ba, ranar da aljihunka ya yi sanyi ita ce za ta rufa maka asiri ba tare da maƙwabta sun ji ba.

Kada wata ta ce na hana karatu ko aure. Ko kusa! Ki yi karatunki, ki yi aurenki, Allah ya ba da zaman lafiya. Sai dai babu wadda ta san abin da gobe za ta haifar, Hausawa kuma sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ita 'yar gwaggon tawa, kunnenta ta cire ta sayar, muka ɗan cika mata, ta sayi tsohon keke. Yanzu watanta biyar tana koyo. Ta fara da rigunan jarirai da siket na makaranta, kuma satin da ya wuce ta aiko mini da zanin gado, ɗinkin ya ɗan karkace a gefe ɗaya, amma wallahi shi na shimfiɗa.

Allah ya ba mu sana'a mai albarka, ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum.