Itace, Kududdufi da Buɗaɗɗen Fili a Idon Mazauna Birnin Kano

A yawancin manyan biranen ƙasar Hausa a yau, idan aka ga fili mai itatuwa a tsakiyar unguwa, tambayar da ta fi saurin fitowa daga bakin mutane ita ce ko na wane ne, kuma me ya hana shi ginawa har yanzu. Wannan tambaya tana fito da wata fahimta da ta yi kaka-gida a zukatan mazauna birni, wato cewa gini shi ne ci gaba, itace da kududdufi da buɗaɗɗen fili kuwa ragowar ƙauye ne da birni bai gama haɗiyewa ba. Kano, wadda ta fi sauran biranen Hausa girma da yawan jama'a, ita ce ta fi dacewa a auna wannan fahimta a kanta, domin tarihinta a rubuce yake, kuma tarihin bai goyi bayan fahimtar ba.

Ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Sa'ad da matafiyin nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya shiga birnin a 1824, ya lura cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna, kuma Heinrich Barth, wanda ya iso a 1851, ya bayyana dabino da gwanda da ke tsakanin gidaje da kuma fadamar Jakara da ta ratsa gari. Ba sakaci ne ya bar wannan ƙasa babu gini ba, dabara ce ta tsaro, domin birnin da abokan gaba suka yi wa ƙawanya yana buƙatar inda zai yi noma, ya yi kiwo, ya kuma saukar da mutanen karkara da suka gudo. Sunayen wurare irin su Kurmi da Rimi da Kurna da Ɗorayi suna nan suna shaida irin itatuwan da jama'a suka zauna a cikinsu.

Kududdufi ma yana da aikinsa a wannan tsari. Daga ramin da aka haƙi ƙasar gini yake samuwa, saboda haka kusan kowace tsohuwar unguwa tana da nata, kuma idan damina ta sauka, ruwan da ke zubowa daga indararon gidaje yana bin lunguna ya taru a cikinsa, daga nan ya riƙa nutsewa a hankali yana ciyar da rijiyoyin da ke kusa. Da aka daina gini da ƙasa aka koma bulo da siminti, sai kududdufi ya zama juji, daga juji kuma aka cike shi aka yanka filaye. Ruwan sama bai ragu ba don an cike masaukinsa, sai dai ya nemi wani, kuma ambaliyar da ta shiga kasuwar Kantin Kwari a daminar 2022 ta sake jawo hankalin jama'a ga gine-ginen da aka ɗora a kan hanyoyin ruwa.

Sauyin tunani ya samo wani ɓangare na asalinsa daga mulkin mallaka. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun keɓe wa kansu mazauni a wajen ganuwa, a yankin Nassarawa, mai faffaɗan harabobi da tituna masu inuwa, kuma dokar tsara garuruwa ta 1917 ta tanadi a bar tazarar yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, bisa hujjar kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Dalbejiya, wadda asalinta daga Indiya take, an shigo da ita Borno a 1928, daga can ta bazu a titunan Arewa. Tun daga wannan zamani jerin itatuwa a bakin titi ya zama alamar unguwar manya, kuma da manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaji waɗannan gidaje, sai ra'ayin ya ƙara ƙarfi cewa shuke-shuke ado ne na mai hali, talaka kuwa abin da ya dame shi shi ne ɗaki da shago.

Dalilan da ake bayarwa na sare itace a gida ba duka ne marasa tushe ba. Gaskiya ne saiwar babban itace da aka dasa dab da bango tana iya tsaga shi, kuma ciyawar da aka bari ta yi duhu tana ɓoye maciji. Amma sauro a ruwan da ke kwance yake hayayyafa, a kwata da tsohuwar taya da gwangwani, saboda haka wanda ya sare mangwaron tsakar gidansa ya bar kwatarsa a toshe bai rage sauro ba, inuwa kawai ya rasa. Tsoron da wasu ke yi wa tsamiya da kuka a matsayin mazaunin iskoki ya daɗe, sai dai ya kamata a ajiye shi gefen hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi.

Abin da aka fi rainawa shi ne zafi. Masana yanayi suna magana a kan tsibirin zafi na birni, wato yadda kwalta da siminti da kwanon rufi ke shan zafin rana da yini su sake shi da dare, har birni ya fi karkarar da ke kewaye da shi ɗumi. Itace yana rage wannan ta hanya biyu, yana tare hasken rana kafin ya kai ƙasa, ganyensa kuma yana fitar da tururin ruwa wanda ke sanyaya iska. A watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Kano, duk wanda ya duba gindin dalbejiya guda a bakin titi zai tarar da mai gyaran takalmi da mai sayar da rake da 'yan adaidaita sahu da dattijo a kan tabarma, dukansu a ƙarƙashin inuwa ɗaya, kuma waɗannan su ne mutanen da ba su da na'urar sanyaya ɗaki. Dogayen itatuwan ado marasa rassa da ake jerawa a gaban sababbin gidaje ba sa yin wannan aiki, inuwarsu kamar ta giginya ce, na kusa ba ya sha.

Dasawa kaɗai ba ta wadatarwa, kuma Yamai, babban birnin Nijar, ta nuna hakan. Tun 1965 aka fara kewaye birnin da zoben itatuwa, akasarinsu dalbejiya, kuma ƙasar Nijar tana bikin dashen itace kowace ranar 3 ga Agusta, amma duk da haka gine-gine da saran itacen girki sun cinye babban ɓangare na zoben, saboda ba a tsare iyakarsa ba. Hukumomin tsara birane a Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi suna da ikon rubuta sauran kududdufai da manyan itatuwa a taswira, su hana yanka su, su kuma sanya dasa itace mai inuwa cikin sharuɗɗan izinin gini. Masu unguwanni da limamai su ne za su iya sa ido a kan dashen har ya wuce ranin farko, lokacin da ƙishi da awaki suka fi kashe shi.