Cinikin Ƙananan Jiragen Ƙasa na Kwaikwayo a Gwanjon Intanet

Ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo jirage ne da ake ƙerawa da siffar na gaskiya, a rage girmansu bisa ƙayyadadden ma'auni, a ɗora su kan ɗan siririn layin dogo su yi tafiya da wutar lantarki. A Turai da Amurka da Japan ba a ɗaukarsu kayan wasan yara kawai. Yawancin masu sha'awarsu manya ne, kuma mutum kan shafe shekaru yana gina gari guda a ɗaki, da tasha da gadoji da duwatsu. Kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus, wanda aka kafa a 1859, shi ne ya baje kolin jirage masu daidaitaccen faɗin layi a kasuwar Leipzig a 1891. Lionel ya fara aiki a birnin New York a 1900, Hornby kuma ya fito da jirginsa na farko a Liverpool ta Ingila a 1920. Kayan da waɗannan kamfanoni da ire-irensu suka ƙera cikin fiye da shekara ɗari har yau suna yawo daga hannu zuwa hannu, kuma tun da aka buɗe dandalin eBay a 1995 kaso mai yawa na wannan ciniki ya koma gwanjon intanet.

Abin da ya bambanta wannan kasuwa da shago shi ne mai saye ba ya riƙe kayan a hannu. Hoto yake gani, sai 'yan layukan bayani da mai kayan ya rubuta, kuma a kansu zai yi tayi. Cinikin biri a sama ke nan, sai dai wanda ya san irin tambayar da zai yi yana iya sauko da shi ƙasa kafin ya biya.

Tambaya ta farko ita ce ma'auni. Mafi yaɗuwa a duniya shi ne HO, inda ake rage jirgi sau 87. Layin dogo irin na Abuja zuwa Kaduna faɗinsa milimita 1,435 ne, idan aka raba da 87 sai a sami kusan milimita 16.5, wanda shi ne faɗin layin HO. Ingila tana da nata ma'aunin, OO, mai rage jirgi sau 76 amma yana hawa wannan layi na 16.5. Saboda haka taragon OO zai yi tafiya a layin HO, sai dai idan aka jera su za a ga ya fi sauran girma, wani lokacin ma ya goge bakin tasha. Ma'aunin N yana hawa layin milimita 9, amma raguwarsa sau 160 ce a Amurka da yawancin Turai, sau 148 a Ingila, sau 150 a yawancin kayan Japan. Akwai O mai layin milimita 32, akwai kuma Z, ɗan mitsitsin da Märklin ya fito da shi a 1972, mai raguwa sau 220. A hoto duk girmansu ɗaya ne. Mai sayarwa da ya gaji kayan daga mahaifinsa, bai kuma san kansu ba, yakan rubuta ma'aunin da ba shi ba ne ba tare da nufin cuta ba. Roƙonsa ya ajiye abin awo kusa da ƙafafun jirgin ya sake ɗaukar hoto yana raba gardama.

Bayan ma'auni sai wuta, kuma a nan sababbin shiga suka fi yin asara. Yawancin kamfanoni suna amfani da wutar DC da ke bi ta ƙarafan layin guda biyu. Jiragen HO na Märklin kuwa wutar AC suke sha, ta wasu 'yan ƙusoshi da ke tsakiyar layi, kuma ƙafafunsu na dama da na hagu haɗe suke ta fuskar wuta. Da zarar an ɗora irin wannan kan jirgi a layin DC sai wutar ta haɗu, komai ya tsaya. Ga kuma tsarin DCC, wanda ƙungiyar NMRA ta Amurka ta daidaita ƙa'idojinsa a shekarun 1990, inda kowane kan jirgi ke ɗauke da 'yar na'urar da ke karɓar umarni. Tallace-tallace suna amfani da kalmomi biyu masu kama da juna: ɗaya na nufin an saka na'urar, ɗaya na nufin gurbinta kawai aka tanada, sai mai saye ya nemo ta da kuɗinsa. Tsohon kan jirgi marar na'ura idan aka bar shi tsaye a layin DCC yakan yi ta ƙugi, injinsa ya ɗauki zafi har ya ƙone. Tiransfoma ma abin dubawa ce. Ta Amurka an yi ta ne don wuta mai ƙarfin volt 120, ta Japan 100, alhali wutar gida a Turai da Nijeriya da Nijar tana tsakanin 220 da 230. Jona ta Amurka ko ta Japan kai tsaye a irin wannan wuta ƙona ta ne, kuma tana iya tayar da gobara. Tsofaffin tiransfomomi masu busasshiyar waya sun fi dacewa da ajiya a kan kanta, ba da aiki ba.

Yanayin kayan shi ne ke yanke farashi. Ƙungiyar masu tara jirage ta Amurka, TCA, wadda aka kafa a 1954, tana da matakai goma na kimantawa, daga C-10, wato sabo fil da ba a taɓa amfani da shi ba, zuwa C-1, wanda ba ya da amfani sai a cire kayan gyara. Ba kowane mai talla ne ke bin wannan tsari ba, kuma kalmomi irin su "kamar sabo" ba su da wani ma'auni. Wadda ta fi buƙatar a yi hattara da ita ita ce "ba a gwada ba". Wani da gaske ba shi da layin gwaji. Wani kuwa ya gwada, ya ga jirgin bai motsa ba, ya zaɓi kalmar da ba za ta kama shi ba. Mai hankali yakan taya irin wannan kaya da kuɗin matacce.

Akwai lahanin da hoto ke ɓoyewa. Mafi muni shi ne ruɓewar tutiya, wadda ke kama sassan da aka zuba da gamin ƙarfen tutiya idan ƙazanta kamar dalma ta shiga cikinsa tun a masana'anta. Ƙarfen yakan kumbura a hankali, ya yi 'yan tsage-tsage kamar gashi, ƙafafun jirgi su karkace, daga baya a taɓa shi ya marmashe. Ta fi yawa a kayan da aka yi daga shekarun 1920 zuwa 1950, ko da yake an gan ta a wasu na baya-bayan nan, kuma ba ta da magani. Hoton cikin jirgin daga ƙasa, a wuri mai haske, yana nuna ta. Akwai kuma haƙoran giya na roba da kan tsage a kan sandar ƙafa, abin da ake ganewa da ƙarar ƙwas-ƙwas a kowane juyi, don haka gajeren bidiyon jirgin yana tafiya gaba da baya ya fi hoto goma. Soson da ke cikin tsohon kwali ma yakan narke ya manne wa fenti. Warin taba da na laima kuwa babu kyamarar da ke ɗaukarsu, sai an tambaya.

Inda kuɗi ya yi yawa, jabu na biye. A 1957 Lionel ya fito da wani jirgi don 'yan mata, kansa ruwan hoda, taragunsa masu launi mai haske. Bai samu kasuwa ba a lokacin, wannan ne ma ya sa daga baya ya yi wuyar samu ya yi tsada, har wasu suka riƙa shafa wa baƙin kan jirgi na yau da kullum fentin hoda suna sayarwa a matsayin na asali. Haka ake buga sababbin kwalaye da takardu masu kama da tsofaffi, domin kwalin asali yana ɗaga darajar kaya sosai. Sayar da kayan gyara na kwaikwayo ba laifi ba ne idan an faɗa. Ɓoyewar ce zamba.

Shi kansa gwanjon yana da tsarin da ya kamata a fahimta. A eBay mai saye yana rubuta iyakar abin da zai iya biya, sai kwamfuta ta riƙa taya masa kaɗan-kaɗan. Alal misali, idan ya sa iyakar dala 80, wani ya zo ya taya 50, farashi zai tsaya a 51 a hannun na farko, ba zai yi tsalle zuwa 80 ba. Lokacin rufewa ƙayyadadde ne, shi ya sa ƙwararru kan yi shiru sai ana saura 'yan daƙiƙoƙi su jefa tayinsu. Wasu dandalin kuwa suna ƙara lokaci duk sa'ad da tayi ya shigo a ƙarshe. A kowane hali zafin takara yana sa mutum ya biya wa tsohon tarago fiye da kuɗin sabonsa a shago. Abin da ke hana wannan shi ne duba farashin da aka riga aka sayar da irin kayan, ba wanda masu talla ke nema ba, sannan a tsayar da iyaka tun kafin a shiga. A cikin iyakar har da kuɗin aikawa, da inshora, da kuɗin fito na kwastan, da abin da banki zai ci wajen canjin kuɗi. Gidajen gwanjo na gargajiya da ke sayarwa ta intanet, irin su Vectis a Ingila, suna ɗora wa mai saye la'ada a kan farashin da aka sallama, kuma a wannan harka la'adar kan kai kashi 20 cikin 100 ko ta wuce.

Wata tsohuwar dabara ita ce mai kaya ya buɗe asusu na biyu, ko ya sa abokinsa, ya riƙa tayi ba don ya saya ba sai don ya ingiza farashi. Dokokin eBay sun hana, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan hali da sunan najashi, wanda shari'a ta haramta. Alamarsa ita ce asusun da kusan ba ya tayi sai a kayan mutum ɗaya, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan, yana kuma yawan janye tayinsa.

Damfara ta fili kuwa kusan kullum hanyarta ɗaya: a janye mutum daga dandalin. Wanda ya sha kaye a gwanjo sai ya sami saƙo cewa wanda ya ci ya fasa, za a ba shi kayan idan ya tura kuɗi kai tsaye. Ko kuma mai kaya ya ce zai yi ragi idan aka biya ta hanyar tura wa 'yan uwa da abokai kuɗi a PayPal, wadda ba ta da kariyar mai saye, ko ta katin kyauta, ko ta kuɗin kirifto. Duk kuɗin da ya bi waɗannan hanyoyi da wuya ya dawo. Akwai kuma shafukan bogi da ake tallatawa a kafafen sada zumunta, masu ɗauke da hotunan da aka sato daga shagunan gaskiya, da ragin da hankali ba zai ɗauka ba. Wanda ya biya ta cikin dandalin yana da damar kai ƙara idan kaya bai iso ba ko ya saɓa wa bayaninsa, amma damar tana da wa'adi, a eBay yawanci kwana 30 ne. Yawan yabon da mai sayarwa ya tara yana da amfani idan an karanta shi da kyau, domin yabo ɗari da aka samu ta sayen ƙananan kaya ba ya nuna yadda mutum yake idan shi ne mai sayarwa.

Mai sayarwa ma ba a bar shi ba. Ana aiko masa da saƙon bogi mai cewa kuɗi ya shiga, don ya yi gaggawar aika kaya. Ana biyansa fiye da kima da cekin da ba shi da kuɗi a ce ya mayar da rarar. Wani mai sayen yakan karɓi lafiyayyen kan jirgi ya mayar da nasa mataccen a cikin kwalin. Kariyarsa ita ce ya duba asusunsa da kansa kafin ya aika komai, ya ɗauki hoton kayan ta kowace fuska har da lambarsa da duk wani tabo, ya aika zuwa adireshin da dandalin ya nuna kaɗai, ta hanyar da ake bin sawu kuma ake sa hannu a karɓa. Faɗin aibin kaya tun a talla yana rage farashi kaɗan, amma yana toshe ƙofar ƙorafi. Magadan da suka tarar da tarin jirage a gidan mamaci sun fi kowa fuskantar asara, domin dillali kan taya kayan gaba ɗaya da kuɗi kaɗan. Lambar da ke jikin kwali ko ƙarƙashin jirgi ta isa a gano sunansa da farashinsa, kuma ware kawunan jirage masu daraja a sayar da su ɗai-ɗai, a haɗa layuka da ƙananan taragu a kashi guda, yawanci ya fi riba ko da yake ya fi cin lokaci.

Ɗaurin kaya shi ne mataki na ƙarshe, kuma jirage da yawa a nan suke lalacewa. Kan jirgi yana da nauyi, sassan jikinsa kuma sirara ne, don haka idan yana motsi a cikin kwali shi zai karya kansa. Ana fara naɗe shi da takarda mai laushi, saboda ledar nan mai ƙurajen iska tana iya barin shaida a fenti idan ta daɗe manne da shi cikin zafi. Daga nan a sa shi a kwalinsa, a sa kwalin cikin wani babba da aka cike gefensa, a kuma raba tiransfoma da jirage don kada ta farfasa su a hanya. Mai karɓa ya ɗauki hoton ƙunshin kafin ya buɗe, ya gwada jirgin a ranar, ya kuma ajiye kwalayen har sai wa'adin ƙorafi ya wuce, domin kamfanin aikawa da na inshora kan nemi ganinsu kafin su biya diyya.