Warin Sabon Fenti Da Sabon Katako: Me Muke Shaƙa?

A ƙauyukanmu na kewayen Zakirai, ɗakin laka da yaɓe yana ba da wuri ga ɗakin bulo mai rufin kwano, da silin na katako, da fenti. Idan za a kawo amarya, ko Kirsimeti ya matso, sai a sayo fenti da gam daga kasuwar Kofar Ruwa a Kano, a shafe ɗaki yau, a kwana ciki gobe. Da safe wani ya tashi da ciwon kai, idon yaro yana ruwa, mai asma yana ta tari. Sai mu ce sanyi ne. Sau da yawa, abin da muka shaƙa ne.

Daga ina warin yake fitowa?

Fentin mai, da gam, da katakon da aka yi da dusar itace aka matse da gam, duk suna ɗauke da sinadarai masu tashi su bi iska kamar yadda fetur yake yi. Fitarsu iri biyu ce. Ɗanyen fenti kamar ruwa ne a faranti cikin rana: mafi yawansa yana tashi a kwanakin farko. Katakon gado da na durowa kuwa kamar randa ne: abin yana tsatsafowa daga ciki kaɗan-kaɗan, har watanni ko shekaru. Ɗaya daga cikin sinadaran nan sunansa fomaldihaid. A shekarar 2004 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo wa mutum ciwon daji.

Yaya ake aunawa?

Masana sukan yanki guntun katako, ko su shafa fenti a kan faranti, su sa cikin akwatin ƙarfe ko na gilashi da ke rufe ruf. Suna tura iska mai tsabta ta gefe ɗaya, su tari wadda ta fita ta ɗaya gefen cikin ƙaramin bututu, sa'an nan na'ura ta nuna irin sinadarin da yawansa. A ƙa'idar Turai, zafin akwatin digiri 23 ne, danshinsa kashi 50 cikin 100, kuma ana aunawa a rana ta 3 da ta 28.

Mu lura da wannan: digiri 23 sanyi ne a wurinmu. A watan Afrilu zafinmu yakan kai digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya fi haka. Awo ya nuna cewa zafi da danshi suna ƙara saurin fitar fomaldihaid. A Amurka, bayan guguwar Katrina ta 2005, an ba iyalai gidajen wucin gadi masu katako irin wannan. Da aka auna iskar cikinsu, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna sinadarin ya yi yawa, aka shawarci mutane su tashi.

Me za mu yi?

Ba mu da na'ura, amma muna da iska da haƙuri.

1. Mu gama fenti makonni kafin biki, mu bar ƙofa da tagogi a buɗe.
2. Kada jarirai, da mata masu ciki, da masu asma su kwana a ɗakin da ke warin fenti.
3. Mu ajiye sabon gado da durowa a inuwa mai iska na wasu kwanaki kafin a jera su.
4. A cikin ɗaki mu zaɓi fentin ruwa ko farar ƙasa. Kada mu sirka fenti da fetur.
5. Ko da hunturu, mu buɗe taga da rana.

Hanci yakan saba da wari, don haka rashin jin wari ba shaida ba ce cewa abin ya ƙare. Mu ci gaba da ba ɗaki iska. Rigakafi ya fi magani.