Me ya sa Kirista ke yin wa'azi? Abin da ya kamata ku sani

A Maikujera da sauran garuruwan da ke tsakanin Rabah, Wurno da Goronyo, mutum zai iya girma har ya yi furfura bai taɓa leƙa cikin coci ba. Ƙasar Musulunci ce tun kaka da kakanni. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi, can kuma aka rufe shi a 1837. A Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello. Kiristan da ake gani a nan galibi baƙo ne da aiki ya kawo: ɗan sanda, ma'aikaciyar jinya, mai kemis, ko ɗan bautar ƙasa da aka turo koyarwa a sakandare. Shi ya sa da zarar ɗayansu ya yi maganar addininsa sai a fara ƙus-ƙus: wa ya aiko shi, nawa ake biyansa?

Shi dai a ganinsa Littafinsa ne ya aiko shi. A ƙarshen Bisharar Matiyu, sura ta 28, an ba da labarin umarnin da Yesu Almasihu ya bar wa mabiyansa: su fita zuwa ga kowace al'umma, su mai da mutane almajiransa, su yi musu baftisma, su kuma koya musu kiyaye duk abin da ya umarta. Farkon littafin Ayyukan Manzanni ya sake jaddadawa cewa za su zama shaidunsa tun daga Urushalima har iyakar duniya. Kirista mai riƙo da addini yana ɗaukar wannan a matsayin nauyi a wuyansa shi kansa, ko da ba fasto ba ne. Musulmi ba zai sha wahalar gane haka ba, don shi ma yana da wajibin da'awa, kuma dattawa ba su manta da rangadin musuluntarwa da Sardauna ya yi a sassan Arewa tsakanin 1963 da 1965 ba. Addinan biyu kowanne na kira ne, kowanne yana son duniya ta zo gare shi. Tushen gogayyar ke nan.

Ba duka coci-coci ke ɗaukar aikin iri ɗaya ba. Katolika sun fi dogara da makaranta da asibiti da koyarwar katikis. Cocin ECWA tana da rundunar masu bishara da take turawa ƙauyuka. Sababbin coci-coci sun fi son taron fili da lasifika. 'Yan bautar ƙasa Kiristoci ma suna da ƙungiyarsu, NCCF, wadda kan fita ƙauye lokaci-lokaci da wa'azi da magani da aski kyauta.

Abin da na waje bai cika sani ba shi ne, wa'azi ƙaramin kashi ne na aikin. Babban kashin shi ne almajirtarwa, wato renon wanda ya riga ya ba da gaskiya har ya tsaya da ƙafafunsa. Manomin albasa a fadamar Goronyo ya san yafa iri aikin yini guda ne, amma dashe da ban ruwa da cire ciyawa su ke cinye watanni. A cocin Hausa, wanda ya ce ya karɓi bangaskiya ba a kai shi ruwa washegari. Ajin baftisma ake sa shi. Da yammacin Lahadi, bayan an watse daga sujada, za ka ga mutum huɗu ko biyar a kan benci, wani dattijon ikilisiya a gabansu da Littafi Mai Tsarki da duk shafukansa sun sha hannu. Ana bin Dokoki Goma ɗaya-ɗaya, ana haddar addu'a, wanda bai iya karatu ba a fara masa da baƙaƙe. Watanni ake yi, wani har shekara, dattawa kuma suna lura da zaman kowannensu da iyali da maƙwabta kafin su amince. Yara suna da makarantar Lahadi, mata suna da Zumuntar Mata. Galibin waɗanda ke cikin waɗannan azuzuwa 'ya'yan Kiristoci ne da aka haifa cikin addinin.

To me ya sa ake wa abin kallon zargi haka a ƙasar Sakkwato? Akwai tarihi a ciki, kuma zargin bai faɗo daga sama ba.

A 1893 wasu samari uku 'yan mishan, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin shiga ƙasar Hausa. Biyu suka mutu cikin shekara guda, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ne ya rayu ya gina ƙungiyar mishan ta SIM. A 1900 ayarin 'yan mishan na Bishop Tugwell ya isa Kano, Sarki Alu ya ba su 'yan kwanaki su fice. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, shugabansu Lugard ya yi alkawarin gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba, kuma a kan wannan alkawari aka daɗe ana tare 'yan mishan daga masarautu. Likita Walter Miller ya samu zama a birnin Zariya tun 1905, amma daga baya aka mayar da mishan ɗin Wusasa, bayan ganuwa. Miller ne jigon fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito da Hausa a 1932.

Ƙofar da ta buɗu a ƙarshe ta kuturta ce. Wajen 1937 aka damƙa wa SIM kula da sansanonin kutare na Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa kusa da Sakkwato. Gaskiya ɗaya ce, sun yi wa mutanen da dangi suka guje musu hidimar da ba kowa zai iya ba, wankin miki da ɗauri da allura shekara da shekaru. Amma wurin da ake karɓar magani nan ake jin wa'azi, kuma mai ciwo ba ya iya cewa a'a da ƙarfi. Daga nan ne jama'a suka haɗa mishan da magani a zukatansu, har yau ba su rabu ba. A 1954 coci-cocin da SIM ta kafa suka zama ECWA a hannun 'yan ƙasa. Katolika kuwa limaman Dominikan daga Amurka ne suka raini yankin Sakkwato, ya zama cikakkiyar dayosis a 1964, wadda Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagoranta tun 2011.

Su kansu Kiristoci sun zauna sun duba wannan matsala. A 2011 Fadar Paparoma da Majalisar Coci-coci ta Duniya da ƙawancen masu bishara na duniya suka fitar da takarda guda kan ladubban wa'azi a cikin mabiya wasu addinai. Ta haramta tilastawa, da yaudara, da amfani da talauci ko ciwon mutum a ja shi da kyauta, da ɓata addinin wasu. Wasiƙar Bitrus ta fari ma ta ce a ba da amsa cikin tawali'u da girmamawa. Saboda haka mai bishara da ya ɗaura buhun shinkafa a kan sharaɗin zuwa coci, ko ya ja yaro gefe ba da sanin iyayensa ba, ya saɓa wa ƙa'idar gidansu tun kafin ya saɓa wa ta garin.

Dokar ƙasa ita ma ta yi magana. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin yin addininsa, da yaɗa shi, da sauya shi. Sashen ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba, wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Malamin aji ba shi da hurumin mai da darasin lissafi wa'azi, ko wane addini yake bi. Cin mutuncin addini kuma laifi ne a dokar Penal Code ta Arewa tun 1960. Wuri mai wuya shi ne batun sauya addini, domin abin da tsarin mulki ya halatta, a shari'ar Musulunci ridda ce, kuma wanda ya yi yakan rasa dangi da gado da aure. Duk da haka hukunci ba na taron jama'a ba ne. Lokacin da aka kashe wata ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a watan Mayun 2022 bisa zargin ɓatanci, Majalisar Sarkin Musulmi da Bishop Kukah duka sun yi tir da kisan.

Idan Kirista ya tare ku da maganar addininsa cikin ladabi, kuna da damar saurare, kuna da damar cewa kun gode, addininku ya ishe ku, shi kuma wajibi ne ya tsaya nan. Idan ya wuce gona da iri, ya yi zagi ko ya shiga tsakanin yaro da iyayensa, ku kai maganar gaban mai unguwa ko hakimi ko hukuma, ku kuma sanar da shugaban cocinsa.