Gyaran Lambar Hular Soja: Abin da Ake Taɓawa da Abin da Ake Bari

1. Gabatarwa

A gidajen tsofaffin sojoji da dama, daga zangon Kumasi har Kano, akan tarar da wata 'yar lambar tagulla a cikin adaka ko gwangwanin ajiya. Siffar bishiyar kwakwa ce, a ƙarƙashinta an rubuta haruffa biyar: RWAFF. Wannan ita ce lambar hula, ko bajo, ta rundunar da Ingila ta kafa a Afirka ta Yamma a 1897 a ƙarƙashin Lugard, wadda aka rushe a 1960. Hausawa sun shige ta da yawa, har Hausa ta zama harshen bariki, kuma taken bataliyoyin Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da Hausa yake: Kullum Shiri. Yanzu irin waɗannan lambobi sun zama kayan tarawa, ana saye ana sayarwa a Landan da sauran wurare. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda ake gyara su. Ana son ɗalibi ya lura da kalmomin ƙira da aka yi amfani da su.

2. Da me aka yi ta?

Kafin a ɗauki awartaki, sai a san ƙarfen. Yawancin lambobin sojan Ingila da tagulla aka yi su, wato haɗin jan ƙarfe da tutiya. Akwai masu fari kamar azurfa, amma babu azurfa a cikinsu ko kaɗan, haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da ƙarfe ya yi ƙaranci, an yi wasu da roba. Daga shekarun 1950 kuma aka koma ga alminiyam mai sheƙi wanda ba ya bukatar gugewa. Waɗannan biyu na ƙarshe ba sa shiri da wuta: roba ta narke, alminiyam kuma ba ya karɓar liƙin darma irin na kasuwa.

Bayan lambar ya fi gabanta ba da labari. A nan ake samun abin maƙalawa, wanda iri biyu ne. Akwai wani ɗan siririn ƙarfe mai faɗi da ake zurawa a jikin hula, mu kira shi harshe. Akwai kuma 'yan zobba biyu da ake huda hula da su a soka musu tsinke, mu kira su kunnuwa. A nan ne kuma wasu kamfanoni, irin su Gaunt da Firmin, kan buga sunansu. Lambar da aka buga da hatimin ƙarfe, zanen gaba yakan fito a baya a lotse, tsaf. Wadda aka yi ta hanyar zubi kuwa bayanta yakan yi 'yan ramuka kamar fuskar mai zanzana. Da waɗannan alamomi masu tarawa ke rarrabe ta ainihi da ta jabu, domin an sake buga lambobi masu yawa bayan an rushe rundunoninsu, don kasuwa kawai. Sai dai zubi ba kullum ne yake nuna jabu ba, tunda sojojin da ke nesa da gida sukan sa maƙeran ƙasar da suke su zuba musu.

Ko haruffan kansu shaida ne. Sai a 1928 aka ƙara wa rundunar harafin R na sarauta. Saboda haka lambar da ke ɗauke da WAFF kawai tana nuna zamanin da ya gabaci wannan shekara.

3. Karyewar harshe ko kunne

Wannan ita ce ɓarnar da aka fi gani, kuma a nan aka fi yin kuskure. A masana'anta da liƙi mai ƙarfi ake haɗa harshe da jikin lamba, irin wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 450 a ma'aunin Salshiyos. Mai gyara yana da hanya biyu. Ko dai ya maimaita wannan liƙi mai ƙarfi, ko ya yi amfani da haɗin kuza da darma, wanda ke narkewa a wajen digiri 183. Maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, sun daɗe suna kiran abin liƙi da suna sinadari, tun kafin kalmar ta faɗaɗa ta shiga littattafan kimiyya da ma'anar da muka sani yau.

Kowace hanya da illarta. Liƙi mai ƙarfi yana riƙewa, amma zafinsa yana ƙone launin da tagulla ta tara cikin shekara saba'in ko tamanin, ya bar ta ja-ja-ja, yana kuma sa ƙarfen ya yi laushi. Idan lambar ƙarfe biyu ce a haɗe, fari a kan ja, zafin na iya raba su. Liƙin darma bai kai wannan zafi ba, amma yana barin toka-tokan tabo, kuma ruwan da ake shafawa don ya kama yana da guba ga tagulla. In ba a wanke shi sarai ba, bayan 'yan watanni wurin zai yi kore. Bugu da ƙari, inda darma ta taɓa shiga, liƙi mai ƙarfi ba zai ƙara zama da kyau ba, don darmar takan ci cikin ƙarfen idan aka zafafa shi sosai.

Na ga wannan da idona. Wani ɗalibina ya kawo mini lambar kakansa, wanda ya yi yaƙin Bama, kunne ɗaya ya cire. Na ce ya ajiye ta haka nan. Shi kuwa yana so ya kai wa mahaifinsa ita a gyare, sai ya miƙa wa wani mai walda. Mutumin ya yi aikinsa da gaskiya, irin yadda zai gyara hannun buta: ya kankare bayan da magagari don liƙi ya kama, ya zuba darma, ya goge gaban har yana walƙiya. Kunnen ya zauna daram. Amma ganyen kwakwar ya shafe, kuma duk abin da ke rubuce a baya ya tafi. Laifina ne ni ma, da ban gaya wa yaron dalili ba.

A ganina, lambar da ba za a sake sa ta a hula ba ba ta bukatar wuta. Ma'aikatan gidajen tarihi suna amfani da wani gam mai suna Paraloid B-72, wanda asiton ke narkarwa, wato ruwan nan da ake goge jan farce da shi. Ba shi da ƙarfin liƙi, amma yana riƙe kunne a wurinsa, kuma wanda ya zo daga baya zai iya warware aikin ba tare da ɓarna ba. In ma ba a samu ba, a sa ɓallen a 'yar takarda a ajiye tare da lambar. Wanda kuma ya ɗauko harshen wata lamba ya liƙa, wajibi ne ya faɗa wa mai saye. In ya ɓoye, ya tashi daga gyara ya koma algus.

4. Tsatsa, lanƙwasa da gilashi

Duhun da tsohuwar tagulla ke yi ba datti ba ne, kariya ce, kuma masu saye suna nemansa. Abin tsoro shi ne koren gari mai tasowa kamar hoda, wanda gishiri da laima ke haddasawa, don yana ci gaba da cin ƙarfe. Ana cire shi da tsinken itace, sannu a hankali, ba da allura ba. Sauran datti kuwa, ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu da burushi mai laushi sun isa, sannan a busar da ita sosai. Kada a jiƙa ta a ruwan tsami ko lemon tsami kamar yadda ake wa kwanon tagulla. Man gugewa irin su Brasso yana da ɗan yashi a ciki, kowace guga tana tafiya da wani abu na zanen. Farin garin da ake gani maƙale a lungunan wasu lambobi ragowar man da sojan ya yi amfani da shi ne, wasu masu tarawa ma sun fi son a bar shi. Bayan wanki ana iya shafa kakin Renaissance, wanda aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihin Birtaniya a shekarun 1950.

Lamba mai siririyar ganga kamar ta kwakwa takan lanƙwashe. A sa ta tsakanin katako biyu masu laushi a matsa sau ɗaya. Tagulla tana ƙara tauri duk lokacin da aka tanƙwara ta, kai da komowa kaɗan sai ta ɓalle.

Lambobin sojan Faransa, irin na kamfanonin Drago da Arthus-Bertrand, da yawa an yi musu ado da gilashi mai launi da aka gasa a jikin ƙarfe. Idan ya ɓantare ba a sake gasa shi a gida. Masu cikewa da gam mai launi suna samun kyan gani na ɗan lokaci, daga baya gam ɗin ya yi rawaya ya bambanta da na ainihi.

Akwai kuma lambobin ƙyalle na kafaɗa. Runduna ta 81 da ta je Bama tana da baƙin gizo-gizo a kan rawaya, wato Ananse na tatsuniyoyin Ashanti, takwaran Gizo namu. Ta 82 kuwa mashi biyu ne a gicciye a kan gammo. Waɗannan ba a wanke su, ba a shanya su a rana. A shimfiɗa su a takarda marar tsami, a raba su da na ƙarfe, domin ulu yana fitar da ƙibiritu mai sa azurfa da tagulla su yi baƙi.