Me Ke Sa Abinci Ya Zama Mai Gina Jiki?

Malmala uku ta tuwon masara da miya 'yar kaɗan za ta kai mutum dare bai ji yunwa ba, amma jiki na buƙatar fiye da ƙarfin da hatsi ke bayarwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya riƙa cin aƙalla giram 400 na ganye, kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kullum, kuma dankali da rogo ba sa cikin lissafin. Wannan bai fi ƙarfinmu ba: ga zogale, rama, alayyahu, kuɓewa da kabewa, ga gwaiba da mangwaro in lokacinsu ya zo. Idan aka haɗa hatsi da wake, kamar a shinkafa da wake, furotin ɗin ɗaya na cike giɓin na ɗayan. A matsa lemon tsami a kwaɗon zogale, bitamin C ɗinsa zai taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Shan shayi a kan abinci kuwa rage wannan tsotsar yake yi.

Inda muka fi sakaci shi ne gishiri. Ƙa'idar hukumar ita ce ƙasa da giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba. To, dubi tukunyarmu: uwargida ta murtsuke ɗunƙule uku, ta barbaɗa gishiri, maigida kuma ya ƙara yaji, shi ma da ɗunƙule a ciki. Ɗunƙulen nan galibinsa gishiri ne, kuma yawan gishiri na jawo hawan jini, wanda ke iya kaiwa ga shanyewar ɓarin jiki. Daddawa, albasa, citta da tafarnuwa na fito da ɗanɗanon miya ko da an rage ɗunƙule zuwa ɗaya.